Albasar Mai Takaba

Barau ya rasu kwanaki kaɗan bayan ya gama kwashe albasarsa daga fadama. Zazzaɓi ne, bai ja lokaci ba. Ya bar mace ɗaya, Shafa'atu, da yara biyu, Altine da Audu, da rudu uku a bayan gida cike maƙil da albasa.

Shi da hannunsa ya yi rudun: dandamalin itace a ƙasa, zana a kewaye, jinkar ciyawa a sama, iska na ratsawa ta ko'ina. A irin wannan ɗaki albasa kan wuce bazara ta shiga damina lafiya, matuƙar akwai mai shiga yana juya ta, yana tsince wadda ta fara taushi. Kowa a gidan ya san abin da ke rataye a kan rudun nan uku. In albasar ta kai lokacin tsada, lokacin da manyan motocin kudu ke cika kasuwar Jega, Shafa'atu za ta riƙe fadamar, ta ɗauki 'yan ƙwadago, ta zauna a ɗakinta da 'ya'yanta. In ba ta kai ba, ranar da ta fita takaba sai gidan ubanta a Maiyama. Kuma a gidan su Barau yara ba sa bin uwa.

Ta shiga takaba. Aka cire mata 'yan kunne, aka ɗauke kwalli da turare, aka sauke asabari a ƙofar ɗakinta. Gwaggo, ƙanwar uban su Barau, wadda ita ce babba a cikin gida, ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar. A gidan nan mai takaba ba ta wuce tsakar gida.

Ƙanin Barau, Labbo, kansila ne a ƙaramar hukuma, shi ke kula da ɓangaren noma. Shekarar da aka ba mu jiha, kuɗin raya karkara suka sauko, aka ce kowace ƙaramar hukuma ta yi abin da zai ɗaga sana'ar mutanenta. Tamu sana'ar albasa ce, sai aka yi siton albasa na zamani a bakin gari, kan hanyar Aliero. Bangon siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, tagogi biyu ƙanana can kusa da rufi. Aka shafe shi da fenti kore da fari. Manoma suka zo suka gani, suka yaba fentin, suka koma ga rudunsu. Ba wanda ya kai ko kwando ɗaya. A sakatariya kuwa an riga an shaida wa Birnin Kebbi cewa manoma na rububin wurin.

Sai labari ya zo cewa masu binciken kuɗi sun fito zagaye, kuma ba sa faɗin ranar zuwansu. An ce a wata ƙaramar hukuma sun iske awaki kwance a cikin ɗakin shan magani da aka ce yana aiki, ciyaman ɗin bai ƙara kwana a kujerarsa ba.

Ba a daɗe da yin sadakar bakwai ba Labbo ya shigo cikin gida, ya tsuguna a bayan asabari, ya yi gaisuwa mai tsawo. Sannan ya ce wata 'yar alfarma ce ta kawo shi. Sito bai kamata a iske shi wayam ba. Yana son a kai albasar marigayi can, baƙi su gani su tafi.

Shafa'atu ta amsa daga cikin ɗaki.

"Ƙarƙashin kwano, Labbo? Cikin bazarar ga?"

"Kwana biyu na, Yaya. Suna tahiya in maido miki abinki da hannuna."

"Taka fa? Rudu huɗu gare ka."

Ya ce tasa ba tasa ba ce yanzu. Wani dillali a Jega ya riga ya kama ta, taɓa ta cin amana ne. Ya ƙara da cewa in aka kore shi daga aiki gidan nan duka ne zai ji a jikinsa, har da marayun. Gwaggo ta karɓe maganar. Ta ce ba kyau a ji muryar mai takaba tana ja da namiji a kan dukiya, ƙasar kabarin mijinta ba ta ko bushe ba. Ba a raba gado ba, komai yana hannun ƙanin mamaci, haka aka saba.

Shafa'atu ba ta ce ta yarda ba. Ba a jira ta ce ba.

Washegari da hantsi taraktar hukuma ta tsaya a bayan gida. Daga ɗaki tana jin komai. Tana jin an yaye zana, tana jin ana juye kwando a cikin bodin ƙarfe daga tsaye, albasa na faɗuwa tana dukan 'yar'uwarta. Barau bai taɓa jefa albasa ba, ajiye ta yake yi. Ta san duk wadda ta bugu yau ita za ta fara ruwa. Ta riƙe carbi, ba ta ja ko ɗaya ba. Kafin azahar bayan gida ya yi tsit.

Kwana biyun suka wuce. Aka ce masu bincike sun karkata wajen Zuru. Daga baya aka ce motarsu ta lalace. Daga baya aka ce sai bayan Sallah.

Bazara ta kankama. Da rana ko a ɗakin ƙasa mutum zufa yake yi kamar an watsa masa ruwa. Shafa'atu kan zauna ta jingina da bango, ba abin da take gani sai cikin siton da ba ta taɓa shiga ba. Ta aika wa Labbo ta bakin Gwaggo, ta roƙi a riƙa buɗe ƙofar da safe iska ta shiga. Amsa ta dawo cewa makulli yana hannun ma'aji, ma'aji kuma ya tafi Birnin Kebbi karɓo albashi. Da ma'aji ya dawo aka ce kayan hukuma ba a barin su buɗe, in wani abu ya ɓace wa za a tambaya? Ta ce to a bar mata biyu su shiga su tsince waɗanda suka fara taushi, ita za ta sallame su daga cikin albasar. Wannan karon Labbo ya zo da kansa. Ya ce in aka ga ana fito da ruɓaɓɓiyar albasa daga siton hukuma, kafin magariba maganar ta kai Jega. Ciyaman na da maƙiya, har cikin kansiloli.

"To ka maido min ita. In sun zo ka sake ɗauka."

"In sunka zo ranar da ba ta nan fa?"

"Albasa ba ta san da zuwansu ba, Kansila."

Da can Labbo take ce masa, har ta tsokane shi da wasan ƙanin miji. Ya ji sabon sunan, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce ta ƙara haƙuri, abin ya kusa.

A cikin kwanakin nan ne yaran suka fara nisa da ita, ba tare da wani ya ce an raba su ba. Hatsin Barau aka haɗe da na gida, wai kada mai takaba ta wahala da girki. Tuwo ya koma fitowa daga tukunyar Hafsatu, matar Labbo, sai yaran suka koma cin abinci can. Audu in ya ci ya yi barci a can, Gwaggo ta ce kada a tashe shi. Altine aka ba ta goyon jaririn Hafsatu. Takan leƙo da rana da yaro a bayanta, ta tsaya a bakin asabari, kafin uwar ta gama tambayarta ko ta ci abinci an ƙwala mata kira. Da Shafa'atu ta yi magana, Gwaggo ta ce ai don ta sami natsuwar yi wa mijinta addu'a ne, wasu matan neman irin wannan gatan suke yi.

Wanta Rufa'i ya zo daga Maiyama duba ta. Shi muharraminta ne, aka bar shi ya shiga har ciki. Ta faɗa masa komai da ƙaramar murya. Ransa ya ɓaci, ya ce wannan zalunci ne, yau ba zai bar garin ba sai an buɗe siton. Ya fita neman Labbo yana gyara hula.

Ya daɗe. Da ya dawo bai zauna inda ya zauna ɗazu ba, a bakin ƙofa ya tsuguna. Ya ce ya ji ta bakin Labbo, lamarin ya fi yadda take tsammani, aikin hukuma ba a yi masa gaggawa. Ya ce mutumin yana da niyyar alheri. Har ya yi maganar sababbin rumfunan da za a raba a kasuwa, ya ce zai sa baki a ba shi ɗaya, in ya samu ai ita ma ta samu.

"Rumfa anka ba ka," in ji ta.

"Ba a ba ni ba tukuna."

Ya ajiye mata ƙullin goro da sabulu, ya ce zai kama mota kafin rana ta yi.

Warin ya iso tare da hadarin farko. Iskar gabas ta taso da la'asar, mai ɗumi, mai nauyi, ta ratso gari ta shigo tsakar gida. Wanda ya tashi a ƙasar albasa ba ya bukatar a faɗa masa. Hafsatu da ke tankaɗe ta tsaya, ta dubi ƙofar Shafa'atu, ta ci gaba da tankaɗenta. Da magariba Gwaggo ta sa garwashi a kasko ta zuba turaren wuta, ta ajiye a tsakiyar gida, ta ce sauro ya yi yawa. Tun daga ranar kullum sai an kunna. Matar da aka hana turare ta kwana ta tashi cikin hayaƙinsa, kuma bai rufe komai ba.

Matan da ke zuwa gaisuwa suka rage zama. Su yi addu'a, su yi maganar zafi, su yi maganar ruwan da ya ƙi sauka, su tashi. Kowace ta biyo ta gaban siton kafin ta iso, kowace ta ga baƙin ruwan da ke tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe da ƙudan da suka rufe shi. Ba wadda ta kawo maganar. Mijin wannan na jiran taki daga hannun Labbo, ɗan waccan na neman aikin masinja.

Shafa'atu ta daina cin tuwo sai kunu. Ta rame har zanen takabar ya riƙa zagaye ta sau biyu. Abin da ke cin ta shi ne ta san ba duka ta lalace ba tukuna. Albasa daga ƙasa da tsakiya take fara ruɓa. In aka buɗe yau aka baza a inuwa, za a fitar da rudu ɗaya, ko fiye. Gobe ƙasa da haka.

Wata rana da tsakar rana, gida ya yi shiru, Gwaggo na gyangyaɗi, ta yafa mayafi ta ɗaga asabari. Ta wuce rijiya, ta wuce turken awaki, ta kai bakin zaure har tana hango hasken waje. Ba ta san abin da za ta yi da ƙofar ƙarfe ba in ta isa. Ta dai san za ta tsaya a gabanta har mutane su taru.

"Ina zuwa?"

Gwaggo ce a bayanta, ba ko ɗankwali.

"Malamai sun ce mai takaba na iya hita da rana in lalura ta kama."

"Ba malamai za a zaga ba." Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. "Taka ƙofar ga. Gobe a ce matar Barau ta bar takabarshi ta bi albasa. Audu namiji na, shi ji da kunnenshi har shi tsufa. Altine fa? Wa ka zuwa neman ɗiyar wadda ta yi haka?"

Shafa'atu ta tsaya. Daga sashen Hafsatu tana jin muryar Altine tana rarrashin jariri. Mataki uku ne tsakaninta da waje. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juya. Gwaggo ta bi ta a baya har ɗaki, ta sauke asabarin da hannunta, ta ce Allah ya yi mata albarka, ta san ɗiyar mutunci ce.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Masu bincike ba su zo ba sai da gero ya kai gwiwa. Wannan karon wani akawu a Birnin Kebbi, abokin ma'aji, ya turo da ranar a ɓoye.

Ana gobe za su zo, tarakta ta yini tana kai da kawowa tsakanin sito da tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar hanya. Warin da ya tashi ranar ya sa har masu shago suka rufe. 'Yan ƙwadago sun ɗaure hanci da tsumma, da shebur suke kwasa. Aka wanke daɓen da ruwa da magani, aka bar ƙofar a buɗe ta sha iska. Makullin ya samu.

Da sassafe Shafa'atu ta ji motsi a bayan gida, wajen rudun Labbo. Ba ƙarar bodin ƙarfe. Kwanduna ne ake ɗauka a ka, ɗaya bayan ɗaya, da muryar Labbo yana bin su.

"Sannu sannu. Kada wanda ya jefa min. Ku aza ta kamar ƙwai."

Da hantsi ta ji motoci, ta ji maroƙi, ta ji tafi. Aka ce baƙin sun shiga sun ga albasa jawur, busasshiya, an jera ta gwanin kyau. Babbansu ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya ce irin wannan aikin ake so a gani. Suka ci abinci a gidan ciyaman suka wuce Maiyama. Kafin la'asar kwandunan sun dawo, an mayar da kowace albasa rudunta, an ɗaure zana.

Da yamma Labbo ya shigo cikin gida da fara'a, yana raba wa yara alewa. Ya tsuguna a bayan asabari ya ce an gode Allah, an fita kunya.

"Taka ta kwana can?" in ji Shafa'atu.

"A'a."

"Ta yini?"

Ya juya ya miƙa wa wani yaro alewa.

"Dillalin Jega ya yarda anka taɓa mai kaya?"

Ya ce ba lokacin tone-tone ba ne. Abin da ya faru ƙaddara ce, shi ma bai so ba, wa ya san za su daɗe haka? Da an san rana tun farko da ba a kai ga wannan ba. Ta ce to hukuma ta biya marayu albasarsu, tunda aikinta aka yi da ita. Ya yi ajiyar zuciya kamar mai magana da yaro. Ya ce ta yi tunani. In aka nemi diyya, dole a faɗi abin da ya lalata albasar. In aka faɗa, an ce sito ba ya aiki, alhali yau ɗin nan manya suka sa hannu cewa yana aiki.

"Kina son a ɗaure ni, Yaya? In anka ɗaure ni wa ka riƙon ɗiyan Barau?"

Gwaggo ta ce wannan gaskiya ne. Ta ce dukiya tafiya take ta dawo, zumunci ne ba a sayen sa a kasuwa. Ta ce Shafa'atu ta gode wa Allah da ya ba 'ya'yanta baffa mai hali.

Labbo ya jira kaɗan, ya miƙe, ya tafi alwala.

Ranar fita takaba aka yi mata wanka, aka ba ta sabon zane, aka dafa shinkafa aka raba. Labbo ne ya sayi zanen, kowa ya yaba. Aka zauna maganar gado a zaure, ba ta daɗe ba, don abin rabawar bai da yawa: rudu uku babu komai ciki, da fadama. Mace ba abin hannu ba za ta iya da fadama ba, sai Labbo ya karɓe ta riƙo, don marayu. Yaran kuma ai sun riga sun saba da sashen Hafsatu, raba su da wurin zai dame su. Rufa'i ya zo da motar haya. Ya sami rumfarsa.

Ba wanda ya daki Shafa'atu. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Duk wanda ya sa hannu a lamarin yana da dalilin da zai faɗa a gaban kowa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Kuɗin sito sun fita daidai, masu bincike sun gani da idonsu, rediyo ta yaba wa ƙaramar hukumarmu, har an amince a gina irinsa guda biyu a wasu garuruwan. An aiko mutane tun daga Birnin Kebbi su duba ko an ci kuɗin hukuma. Daga zaure zuwa ɗakin mai takaba ba a aiko kowa ba.

Altine ce ta ɗauko mata ƙullin kayanta har bakin mota, da jaririn Hafsatu a bayanta. Audu yana wajen wasa, aka ce kada a kira shi, zai yi kuka. Uwar ta kama hannun yarinyar ta riƙe, har direba ya yi ham. Gwaggo ta zo ta zare hannun a hankali, ta ce ai Maiyama ba nisa, da Sallah za a kawo su.

Motar ta bi ta gaban sito. Ƙofarsa a rufe, fentinsa na ƙyalli bayan ruwa. Gaba kaɗan ramin yake. Damina ta cika shi rabi, a gefensa albasar da ba ta gama mutuwa ba ta tsiro, kore shar a kan baƙin tuli, har yanzu da sauran wari. Fasinjoji suka toshe hanci. Wata 'yar kasuwa da ke kusa da Shafa'atu, baƙuwa ce a garin, ta leƙa ta taga ta yi salati. Ta ce wannan dukiya haka, wane irin sakaci ne, mai ita yana ina har ta lalace?

Rufa'i ya juya fuska wajen gonaki.

"Tana ɗaki," in ji Shafa'atu.

Matar ba ta gane ba. Ta gyara zama, ta dubi sabon zanen, ta tambaye ta ko biki za ta, ko tana da ɗiya.

"Biyu."

"Allah shi raya. Kin baro su gida?"

"Na baro su."